Tsohon Soja Na Daura Da Mutanen Bakin Iyaka

Godiya ta tabbata ga Allah mai rayawa mai kashewa, wanda mulkinsa ba ya gushewa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya. Bayan haka:

Ran Lahadi 13 ga watan Yuli 2025, cikin watan Muharram na shekarar 1447 ta Hijira, Allah ya karɓi ran Janar Muhammadu Buhari a wani asibiti a birnin Landan, ƙasar Ingila. Lahadi kuwa ita ce ranar da kasuwar Jibiya ke ci, labarin ya iso da maraice, lokacin da fatake ke ɗaure kaya. Ran Talata aka sauke gawarsa a filin jirgin sama na Katsina, aka wuce da ita Daura, aka yi masa salla, aka rufe shi a cikin gidansa. Ya yi shekara 82 bisa lissafin Turawa, watau 85 ke nan bisa lissafin Hijira. Cikin manyan baƙin da suka halarci jana'iza har da Firayim Ministan Nijar, Ali Lamin Zain, da tsohon Shugaban Nijar, Mahamadu Isufu.

Manyan birane sun yi ta kawo tarihinsa, masu yabo na yabo, masu suka na suka. Amma a Mazanya da Magama da sauran garuruwan da ke bakin iyaka tsakanin Jibiya da Ɗan Isa, maganar mutumin nan ta fi nauyi a baki. Gama mutanen wurin sun so shi so na gaske, Jihar Katsina kuwa ta ba shi ƙuri'a fiye da miliyan ɗaya a 2015, ta sake ba shi haka a 2019. Duk da haka ba shugaban da hukuncinsa ya shiga cikin tukunyar mutanen bakin iyaka kamar nasa. Sau biyu ya yi mulki, sau biyu ya rufe iyaka, sau biyu kuma ya canja kuɗi. Wanda zai tuna da shi a nan, tilas ya ɗauki abin biyu tare, ya auna su da mudu ɗaya.

Asalinsa da karatunsa

An haife shi a Daura ran 17 ga Disamba 1942, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu. Mahaifinsa Harɗo Adamu, shugaban Fulani ne, mahaifiyarsa kuwa Zulaihatu. Aka raɗa masa sunan Imamul Buhari, babban malamin Hadisi. Yana ɗan ƙaramin yaro mahaifinsa ya rasu, ya tashi maraya a hannun mahaifiyarsa, ƙarƙashin kulawar Waziri Alhasan, ɗan Sarkin Daura Musa. Ya yi karatun allo, ya yi kiwon shanu, kana aka sa shi elementare a Daura da Mai'aduwa. Daga nan ya tafi Midil ta Katsina a 1953, ya zarce sakandaren lardi, ya gama a 1961.

Mai karatu ya lura da Mai'aduwa. Ita ma garin bakin iyaka ce, mai babbar kasuwa, inda mutanen Nijeriya da na Nijar ke cuɗanya. Ashe shi kansa ɗan bakin iyaka ne, ya san yadda gero da dabbobi ke ƙetare ta, ya kuma sha faɗi da bakinsa cewa yana da dangi a Nijar. Har gab da saukarsa a 2023 ya yi raha, ya ce in aka dame shi a Daura sai ya ƙetara can.

Aikin soja

A 1962 ya shiga makarantar horon hafsoshi a Kaduna, aka tura shi Aldashot a Ingila, ya komo aka ɗaura masa anini ɗaya a watan Janairu 1963, aka kai shi bataliya ta biyu a Abekuta. Bai daɗe da fara aiki ba ƙasa ta rikice. A watan Janairu 1966 aka kashe Sardaunan Sakkwato da Abubakar Tafawa Ɓalewa, a watan Yuli kuma hafsoshin Arewa suka yi nasu juyin, yana cikinsu. Da yaƙin basasa ya tashi a watan Yuli 1967 ya shiga cikin Runduna ta Ɗaya, ya yi yaƙi a wajajen Ogoja da Inugu da Oka. Yaƙi ya ƙare a watan Janairu 1970, Allah ya fid da shi da rai, alhali abokansa da yawa sun kwanta a can. Bayan yaƙi ya ƙara ilmin soja a Indiya a 1973, da Amurka daga 1979 zuwa 1980.

Tun yana da shekara talatin da 'yan kai aka fara ɗora masa aikin mulki. Janar Murtala Muhammad ya naɗa shi Gwamnan Jihar Arewa maso Gabas a 1975, ya zauna Maiduguri. A 1976 Janar Obasanjo ya ba shi riƙon ma'aikatar man fetur, da aka kafa kamfanin mai na ƙasa a 1977 shi ya fara shugabantarsa. Nan ne fa aka fara saninsa da abin da ya zama sunansa daga baya. Gama an ɗora shi bisa rijiyar dukiyar ƙasa a lokacin da kuɗin mai ke kwarara, ya sauka ba a gan shi da benaye ko manyan kamfanoni ba. A 1983, yana kwamandan rundunar Jos, sojan Cadi suka shigo tsibiran Tafkin Cadi, ya kore su, ya bi su har cikin ƙasarsu.

Mulkinsa na farko da yunwar 1984

Ran 31 ga Disamba 1983 soja suka tumɓuke gwamnatin Alhaji Shehu Shagari, suka ɗora shi bisa mulki, Tunde Idiyagbon na mataimakinsa. A watan Maris 1984 ya ɗaura yaƙi da rashin ɗa'a. Aka koya wa mutane bin layi a tasha da banki, aka tilasta share gari, ma'aikaci ya shiga tsoron makara. Aka kama 'yan siyasa da yawa, kotunan soja suka yanke musu shekaru masu tsawo. Mulki ne mai tsanani ƙwarai. An ɗaure 'yan jarida biyu bisa Doka ta Huɗu, an kuma harbe samari uku a 1985 saboda fataucin ƙwaya, da dokar da aka kafa bayan sun riga sun yi laifin. Wannan kuwa mutane da yawa ba su yarda da shi ba har yau.

A watan Afrilu 1984 aka canja launin takardun naira, aka ba mutane kwanaki kaɗan su kai tsofaffin kuɗinsu banki, aka rufe iyakokin ƙasa duka don kada kuɗin da aka fitar waje su komo. Nufin gwamnati shi ne ta karya waɗanda suka sace dukiyar jama'a suka ɓoye. Amma falken da ya sayar da shanu ya ajiye naira a Maraɗi shi ma ya wayi gari da takardun banza.

To, don a gane nauyin rufe wannan iyaka, sai a tuna Katsina da Maraɗi gida ɗaya ne. Da Malam Umarun Dallaje ya ci birnin Katsina a 1807, sarakunan Haɓe suka yi arewa, Ɗan Kasawa ya kafa sarautarsu a Maraɗi, shi ya sa har yau ake ce da sarkin can Sarkin Katsinan Maraɗi. Ingila da Faransa ne suka raba ƙasar a takarda, a 1898 da 1904 da 1906, kana suka aiko ma'auna suka kakkafa alamu a cikin gonakin mutane. Alamun ba su raba aure ba, ba su raba makarantun allo ba, balle ciniki. Daga arewa ake kawo shanu da raƙuma da wake da aya, daga kudu ake kai gero da masara da yadi da man fetur. In damina ta yi gardama a Nijar, rumbun Nijeriya ake dubawa.

Sai ga shi shekarar 1984 ta zo da fari mai tsanani a ƙasashen bakin Sahara, daidai lokacin da ƙofa ke rufe. Hatsi ya yi wuyar ƙetarewa, dabbobi suka yi ta mutuwa, talakawa suka watse neman abinci. Hausawan Nijar sukan sa wa kowace yunwa suna don a riƙa tunawa da ita, wannan kuwa suka kira ta El Buhari, watau 'Yar Buhari. Ba shi ya hana ruwan sama ba, amma mai jin yunwa ƙofar da aka rufe masa yake gani. A 1985 kuma aka kori baƙin da ba su da takardu, 'yan Nijar da yawa na ciki. Ba a buɗe iyaka ba sai a 1986, bayan ya bar mulki.

Tsarewa da haƙuri

Ran 27 ga Agusta 1985, cikin kwanakin Babbar Salla, abokan aikinsa suka tumɓuke shi, Janar Babangida ya hau. Aka tsare shi a wani gida a Binin fiye da shekara uku. Bai fito ba sai a watan Disamba 1988, lokacin rasuwar mahaifiyarsa, wadda ta yi wahalar renonsa. Ya koma gonarsa da shanunsa, bai gudu ƙasar waje ba, ba a kuma ji ya ɗaga makami bisa waɗanda suka tsare shi ba.

A 1995 Janar Sani Abaca ya ba shi riƙon asusun rarar kuɗin man fetur, wanda aka sani da PTF. Har 1999 ya yi ta gyaran hanyoyi, da kai magani asibitoci, da kai kayan karatu makarantu. Wannan aiki ne ya dasa shi a zukatan talakawan Arewa, har suka riƙa kiransa Mai Gaskiya. Da mulkin farar hula ya komo ya tsaya zaɓe a 2003, ya faɗi. Ya tsaya a 2007, ya faɗi. Ya tsaya a 2011, ya faɗi, rikicin da ya biyo bayan zaɓen kuwa ya ci rayuka da yawa a Arewa. Sai a karo na huɗu, a 2015, Allah ya ba shi, yana da shekara 72, aka rantsad da shi ran 29 ga Mayu. Mahaƙurci mawadaci, in ji Hausawa.

A shekarar nan fadarsa ta bayyana abin da ya mallaka: kuɗi a banki ba su cika naira miliyan 30 ba, shanu 270, tumaki 25, dawaki 5, da 'yan gidaje, har da biyu na ƙasa a Daura. Ga mutumin da ya yi gwamna, ya riƙe man fetur, ya yi shugaban ƙasa, wannan ba dukiya ba ce. An san shi da tsare salla, da zama wurin tafsiri cikin watan azumi, da yawan ziyarar Ɗakin Allah, da ƙarancin magana. Abin da ke cikin zuciya Allah kaɗai ya sani, amma zahiri ke nan da mutane suka shaida.

Rufe iyaka na biyu

A mulkinsa na biyu ya ƙudura Nijeriya ta ci abin da ta noma. A watan Nuwamba 2015 ya buɗe shirin ba manoman shinkafa rance a Birnin Kabi. Abin da ya tsaya wa shirin a wuya shi ne shinkafa 'yar waje. Daga Asiya ake kawo ta cikin jirgin ruwa zuwa Kwatano, a ɗora ta a manyan motoci da sunan ta Nijar ce, a jibge ta a ɗakunan ajiya na Maraɗi, kana a riƙa shigo da ita Nijeriya kaɗan kaɗan ta ɓarauniyar hanya, a babura da ƙananan motoci. Man fetur kuma, da yake gwamnati na biyan rarar kuɗinsa, ya fi araha a Nijeriya, sai a riƙa fitar da shi cikin jarkoki. Gwamnati ta ce har makamai na bin wannan hanya.

Saboda haka a watan Agusta 2019 ya sake rufe iyakokin ƙasa. A watan Nuwamba kuma aka hana kai mai ga duk gidan man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, Jibiya kuwa tana ciki. A watan Disamba 2020 aka buɗe wasu ƙofofi huɗu, har da Illela da Maigatari, amma ta Jibiya ba a buɗe ta ba sai a watan Afrilu 2022, bayan shekara biyu da wata takwas.

Gaskiya ne noman shinkafa ya bunƙasa, injinan casa suka yawaita a Kano da Kabi, manoma da yawa suka sami abin kansu. Gaskiya ne kuma abinci ya yi tsada, talaka ya ji a jikinsa. A bakin iyaka kuwa dokar ba ta bambanta mai fasa-ƙwauri da mai halattaccen ciniki ba. Ɗan dako da direba da dillalin dabbobi da mai canjin sefa da mace mai tuwon tasha, duk cinikinsu ya tsaya. Manomin rani ya rasa man da zai sa wa injin ban ruwa sai ta hannun 'yan bumburutu, da tsada. Shingaye suka yawaita a hanyar Katsina zuwa Jibiya, fatake suka yi ta kukan abin da ake karɓa a hannunsu. Fasa-ƙwauri bai mutu ba, kuɗinsa ne ya ƙaru, mai ƙarfi ya biya ya wuce, mai buhu ɗaya aka kama.

Cikin wannan hali kuma ɓarayin daji suka addabi yammacin Katsina: Jibiya da Batsari da Safana da Ƙanƙara da Faskari. Aka kore shanu, aka sace mutane don kuɗin fansa, gonaki suka zama kufai. Ran 11 ga Disamba 2020 aka kwashe 'yan makaranta fiye da 300 a Ƙanƙara, shi kuwa yana Daura a lokacin, Allah ya sa aka sako su bayan kwana shida. Dubban mutanen Katsina da Zamfara da Sakkwato suka ƙetara yankin Maraɗi neman mafaka, 'yan'uwansu na can suka karɓe su. Iyakar da aka rufe wa buhun shinkafa, ita ce mata da yara suka bi don tsira da rayukansu. Tsohon soja ne, mutane sun zaɓe shi da zaton zai kawo aminci. An ƙwato garuruwa da yawa daga hannun Boko Haram a gabas, amma a jiharsa ta haihuwa abin ya gagara har ya sauka. A ƙarshen 2022 kuma aka sake canja takardun naira 200 da 500 da 1000, kuɗi suka ɓace a hannun mutane a farkon 2023, kasuwannin ƙauye da ba su san banki ba suka sha wuya.

Sai dai kuma shi ne ya amince a shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa daga Kano zuwa Maraɗi, kilomita 284, ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya. An aza harsashinta a watan Fabrairu 2021. Mutanen Kudu da yawa suka yi ta suka, suna cewa me ya kai kuɗin Nijeriya Nijar, shi kuwa ya tsaya bisa ra'ayinsa. Hannun da ya rufe ƙofa shi ya zana hanyar da za ta haɗa 'yan'uwa. Ya rasu jirgin bai fara gudu ba. Ya sauka ran 29 ga Mayu 2023, ya miƙa mulki ga wanda aka zaɓa, ya koma Daura. Bai cika wata uku da sauka ba aka sake rufe iyaka saboda juyin mulkin Nijar, har zuwa watan Maris 2024, mutanen Jibiya suka ga ashe ciwon bai tsaya ga mutum ɗaya ba.

Abin da ya kamata a riƙe

Malamai sun hana zagin matattu, domin sun riga sun isa ga abin da suka gabatar. Malamai kuma sun hana shaidar zur, ko da don yabo ne. Tsakanin waɗannan biyu mai adalci zai bi. Mutumin nan ya bauta wa ƙasarsa tun yana saurayi har ya tsufa, ya sa ransa a bakin bindiga, an ɗaure shi ya yi haƙuri, dukiyar jama'a ta bi ta hannunsa ba a san shi da tara ta ba. Wannan shaida ce babba, kaɗan ne cikin masu mulki za a yi musu irinta.

Amma rayuwarsa ta nuna tsarkin hannun shugaba shi kaɗai ba ya isar talaka. Doka a Abuja ake sa mata hannu, a Magama ake aikata ta, ta hannun ƙaramin ma'aikacin da ke tsaye a bakin shinge da dare. In shi mai amana ne, doka mai tsanani ma takan zo da sauƙi. In kuwa maciyin hanci ne, kowace sabuwar doka sabuwar kasuwa ce gare shi. Shugaban da ya yarda da na ƙasa da shi bai bi sawunsu ba, bai kuma saurari waɗanda dokar za ta faɗa kansu ba, niyyarsa tagari takan iso bakin iyaka ta zama wuta. Tun da daɗewa Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, cikin Kitabul Farƙi, ya lissafa cin hanci da ƙwace kayan 'yan kasuwa cikin alamun mulkin zalunci. Ba a rubuta wannan don sarakuna kaɗai ba, har da barorinsu.

Fatake ma suna da nasu kason. Wanda ya ɓoye hatsi a ɗaki lokacin da ƙofa ke rufe yana jiran ya yi tsada, da wanda ya miƙa na goro don a kau da kai daga kayan da bai san abin da ke cikinsu ba, kada ya ɗora laifin duka bisa wanda ke kabari. Malaman da ke karantar da babin ciniki a zaure su ne ya wajaba su faɗi wannan a fili, ga mai kaki da mai rawani baki ɗaya.

Saboda haka yaron da ya sami aikin gwamnati, ko kwastan ne, ko ɗan sanda, ko akawu, ya ɗauki ƙana'ar tsohon nan da haƙurinsa, ya ƙara da abin da mutanen bakin iyaka suka nema ba su samu ba, watau kunnen sauraron talaka. Wanda kuma rufe iyaka ya karya masa jari, har yanzu yana jin ciwo a zuciya, ba a ce ya ƙaryata abin da ya same shi ba. Sai dai ya tuna mutumin ya tafi gaban Alƙalin da ba a ɓoye masa kome, wanda ya san niyya ya san sakamako, kowa kuma can za shi. Yafewa ta fi alheri ga mai yafewa.

Allah ya jiƙan Muhammadu Buhari, ya karɓi kyawawan ayyukansa, ya yafe masa kurakuransa, ya ba iyalinsa haƙuri. Allah ya jiƙan waɗanda yunwa da ɓarayin daji suka yi sanadinsu, ya mayar wa fatake abin da suka rasa, ya zaunar da Katsina da Maraɗi lafiya, ya ba ƙasashen biyu shugabanni masu tsoronsa. Amin. Wassalamu.